Taurarin Labari da Ba a Yi Musu Kuɗin Goro Ba

Duk wanda ya daɗe yana karanta ƙagaggun labaran Hausa, tun daga ƙananan littattafan soyayya da suka mamaye kasuwannin Kano daga tsakiyar shekarun 1980 har zuwa waɗanda ake turowa yau shafi-shafi a zaurukan WhatsApp, ya san akwai mutanen da ba sai an gabatar masa da su ba. Da zarar marubuci ya ce maigida zai ƙara aure, mai karatu ya riga ya hango uwargida durƙushe a gaban boka. Idan aka ambaci uwar miji, an san za ta tsani surukarta ba gaira ba dalili, matar uba kuma za ta hana marainiya abinci ta ɗora mata talla. Alhaji mai kuɗi auri-saki ne, talaka mutumin kirki ne mai haƙuri, baƙauye abin dariya ne. Ita kuwa jarumar labarin fara ce, doguwa, mai dara-daran idanu da gashi har gadon baya, kuma da wuya a rufe babi na farko ba a laluɓo mata jinin Larabawa ko na Fulani ba, sannan wanda zai aure ta a ƙarshe wani miskilin saurayi ne da bai cika shekara talatin ba, amma yana da kamfanoni a ƙasashen waje da katafaren gida a Nasarawa.

Ina cikin tsara taurarin wani dogon labari da nake so ya gudana a birnin Kano da kewayensa, kuma sharaɗin da na gindaya wa kaina shi ne kada in shigar da mutum ko ɗaya wanda mai karatu zai iya faɗin ƙarshensa daga jin matsayinsa kawai. Abin da wannan aiki ya nuna mini shi ne, sauya wa tauraro hali bai isa ya fitar da shi daga cikin waɗanda aka yi wa kuɗin goro ba. Sai marubuci ya san inda mutumin yake samun abin da zai ci, da wanda yake bin sa bashi, da abin da yake tsoron a sani game da shi, sannan mutumin zai fara yin abin da ba a zata ba, ba tare da an tilasta masa ba.

Waɗannan hotuna da muka saba da su ba daga sama suka faɗo ba. Tatsuniyar 'yar mowa da 'yar bora ta girmi kowane littafi, kuma a cikinta ne yaro yake fara koyon cewa a gidan mata biyu dole ɗaya ta zama azzaluma, ɗaya abar tausayi. Wasannin tashe da ake farawa idan azumi ya kai goma suna kwaikwayon mutum ne da alama guda, gwauro da gwaurancinsa, tsoho da gemunsa, marowaci da rowarsa. Barkwancin da ke tsakanin Kanawa da Zazzagawa, ko Fulani da Barebari, shi ma a kan hali guda ake gina shi. A waɗannan wurare taƙaitawar tana da amfani, domin tatsuniya ta dare ɗaya ce, tashe na 'yan mintoci ne a ƙofar gida, kuma kowa ya san wasa ake yi. Matsala tana tasowa ne idan aka ɗauko mutumin tashe aka ce ya rayu a shafi ɗari uku. Akwai kuma dalilin kasuwa, wanda bai kamata a raina ba: marubuciyar da take sakin shafi kullum, alhali masu karatu sun biya kuɗin shiga zaure suna jiranta, ba ta da sararin gina uwar miji daga tushe, ya fi mata sauƙi ta ɗauko wadda kowa ya riga ya sani. Ba na ganin laifinta sosai, sai dai abin da yake sauƙaƙa mata aikin yau shi ne yake sa a manta da littafin bayan wata biyu.

Hanyar da wasu suke bi don guje wa wannan ita ce su juya hoton gaba ɗaya, uwar miji ta zama waliyyiya, kishiyoyi su zama aminan da ba su taɓa saɓani ba, Alhaji ya wayi gari yana rabon dukiyarsa. Wannan juya riga baibai ne, rigar tana nan yadda take. Mai karatu zai gane tun a shafi na biyar cewa wa'azi ake yi masa, kuma zai ƙi yarda, domin ya tashi a gidan da ya ga kishi da idonsa. Kishi gaskiya ne, kuma yana da sanadi da ake iya lissafawa: rabon kwana, kuɗin cefane, makomar 'ya'ya, da sanin cewa idan maigida ya rasu ya bar 'ya'ya, tumuni ɗaya ne matan za su raba tsakaninsu, ko su biyu ne ko su huɗu. Marubucin da ya share waɗannan don ya nuna zaman lafiya ya yi ƙarya daidai da wanda ya aika uwargida gidan boka.

Saboda haka na fara da uwargida, kuma ita ce ta fi cin tawada a cikin littafin da nake tara waɗannan mutane. Ban raɗa mata suna ba tukuna, domin na lura suna yana zuwa da kayansa, idan na ce Hajiya wance sai in ji na fara ɗaura mata gwala-gwalai. Mace ce da ta doshi hamsin, tana zaune a wani tsohon gidan ƙasa a lungun cikin birni, wajen Yakasai, kuma ba ta fita sai biki ko asibiti ko gaisuwar mutuwa. Wanda ya kalle ta daga waje zai ce ga matar kulle da ba ta san abin da duniya take ciki ba. Amma ita ce uwar adashin unguwar. Matan da suke shirin aurar da 'ya'ya a wurinta suke zuba kuɗin kayan ɗaki, tana da yaron da yake saro mata atamfa da leshi a Kantin Kwari, tana da dillalai mata da suke shiga da su gida-gida ana biya kaɗan-kaɗan, kuma duk wannan lissafi yana cikin wani littafi mai baƙin bango da take rubutawa da ajami, domin ba ta yi boko ba. Babu abin mamaki a nan ga wanda ya tashi a birni. Sana'ar mata ta cikin gida, daga ƙuli-ƙuli da man gyaɗa zuwa ɗinkin hula da dillanci, ta daɗe tana ɗauke da gidaje da yawa, kuma shari'a ta tabbatar wa mace dukiyarta, miji ba shi da iko a kai. Littattafanmu ne kawai suka fi son su nuna ta tana kuka a gefen gado.

Mijinta tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Sharaɗa, tun da aka rufe kamfanin bai sake samun tsayayyen aiki ba. Ita take ciyar da gidan, amma ba wanda ya sani. Kowane dare takan nannaɗe kuɗi ta sa masa a aljihun rigar da zai saka, da safe kuma ya fito tsakar gida ya miƙa mata a gaban yara ya ce ga na cefane, ita kuma ta rusuna ta karɓa da hannu biyu ta ce Allah ya ƙara buɗi. Wannan shi ne sirrinta, kuma shi take karewa fiye da komai. Da ya zo da maganar ƙarin aure ba ta tayar da hankali ba, ba kuma ta yi murna ba. Ta ranta masa kuɗin lefe, har da abin da ya dawo mata da shi a matsayin kayan faɗar kishiya, sannan ta buɗe littafinta ta rubuta sunansa a layin masu bashi, tsakanin wata mai ƙosai da wata mai kitso. Abin da yake hana ta barci game da amarya ba rabon kwana ba ne. Tsoronta shi ne yarinyar malamar firamare ce mai ido a buɗe, kuma ba za ta daɗe ba za ta gano wanda yake riƙe da gidan.

Tarihin kwanan nan ya ba ni abin da zai tilasta musu haɗuwa. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin daina karɓar tsofaffin a ranar 31 ga Janairu 2023, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Duk wanda yake Kano a lokacin ya tuna layukan bankuna da yadda masu POS suka riƙa sayar da kuɗi da kuɗi. Uwar adashi tana da tsabar kuɗin mata da yawa a cikin kwalla a ƙarƙashin gado, duk tsofaffin takardu, kuma ba ta da asusun banki saboda ba ta taɓa yarda ta ajiye dukiya inda ba ta ganinta ba. Mutum ɗaya ne a gidan yake da asusu kuma ya san yadda ake tura kuɗi ta waya. Na rubuta musu wannan 'yar gajeriyar magana don in ji muryoyinsu:

"Amarya, idan kin idar da sallah ki leƙo ɗakina, ki taho da wayarki."

"To, Yaya. Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau. Lissafi ne, kuma ba na so Malam ya ji."

A daren ne amarya za ta ga littafin, kuma tun da ta yi makarantar allo tana iya haɗa baƙi, za ta karanta sunan mijinta da adadin da aka kashe a kan aurenta. Daga nan kowace tana riƙe da wuyan 'yar uwarta, ɗaya da kuɗin jama'a a asusunta, ɗaya da sanin cewa lefen da ake taƙama da shi nata ne. Ba ƙawaye ba ne, ba kuma abokan gaba ba ne, abokan hulɗa ne da ba su zaɓi juna ba. Na kuma ƙi yarda in wanke uwargidan tas. Mace ce da ba ta yafe bashi. Ta taɓa aikawa a ɗauko keken ɗinkin wata mata da mijinta ya rasu tun ba a yi sadakar arba'in ba, kuma har yau ba ta ganin ta yi laifi, domin a wurinta kuɗin ba nata ba ne, amanar wasu ce. Ina so mai karatu ya girmama ta a wani babi, ya ji haushinta a babi na gaba, ya rasa inda zai ajiye ta.

Idan wani ya ce irin wannan mace ta yi ƙarfi da yawa ga al'adarmu, sai in ce tarihinmu ya fi littattafanmu ƙarfin hali. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara jajis, wato malamai mata da suke yawo ƙauyuka suna karantar da mata, Gambo Sawaba kuma ta sha ɗauri saboda siyasar NEPU tun lokacin da matan Arewa ba su da ikon jefa ƙuri'a. Da marubucin yau ne ya ƙirƙiro su, da an ce ya wuce gona da iri.

Na biyu gardi ne. Almajiri a labaranmu ɗayan biyu ne, ko yaro mai kwano da ake so a tausaya masa, ko ɓata-garin da ake tsoro, kuma duka biyun daga waje aka hango su. Tsangaya tana da matakanta da wanda ya shige ta ya sani, daga kolo zuwa titibiri zuwa gardi, sannan alaramma da gwani. Wanda nake so in rubuta ya haura shekara ashirin da biyar, ya haddace izu sittin a ruwayar Warshu, yana cikin yin satu, wato rubuta Alƙur'ani da ka a kan allo don malaminsa ya duba, kuma burinsa ya kai inda zai rubuta cikakke a takarda ba tare da ya duba ba. Da rana yana gyaran waya a Farm Centre. Ba ya karanta Turanci sosai, amma ƙwaƙwalwar da aka horar da harji, wadda take riƙe da adadin wuraren da wata kalma ta maimaitu da bambancin aya da mai kama da ita, ba ta wahala wajen riƙe taswirar cikin waya, har abokan sana'arsa masu takardar difloma suke kawo masa abin da ya gagare su. Ba na so ya zama hujjar cewa tsarin almajirci ba shi da aibu, domin shi kansa yana ɗauke da tabon yunwa da dukan da ya sha yana ƙarami, kuma ya rantse ba zai tura ɗansa gabas ba. Aibinsa girman kai ne. Yana raina 'yan Islamiyya, yana ganin karatunsu na waƙa ne, kuma idan limami ya yi tuntuɓe a karatu sai ya gyara masa da muryar da sahu na ƙarshe zai ji. Abin da yake ɓoyewa shi ne yana zuwa ajin yaƙi da jahilci da dare a wata unguwa mai nisa, inda yake zama benci ɗaya da dattawa yana haɗa baƙaƙen boko, kuma zai gwammace komai da a ce wani daga tsangayarsu ya gan shi.

Bafulatani ba zan daɗe a kansa ba, domin hoton mai sanda da malfa da ba ya jin Hausa ya fi kowanne rauni a garin da gidan sarautarsa na Sulluɓawa ne tun hawan Ibrahim Dabo a 1819. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne saurayin birni da yake alfahari da asalin Fulani a Facebook alhali ba ya iya gaisuwa da Fulatanci, ranar da gadon shanu ya faɗo masa ya je ruga ya tarar 'yan uwansa suna yi masa kallon Bahaushe.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne mutumin Sabon Gari. A fina-finai da labarai, Ibo mai kemis ne ko mai sayar da kayan gyaran mota, yana magana da gurɓatacciyar Hausa don a yi dariya, kuma ba ya tunanin komai sai kuɗi. Amma jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, aka kafa Sabon Gari wajen 1913, wato akwai gidajen da suka yi zuriya uku ko huɗu a nan. Nawa dattijo ne mai shekara sittin da 'yan kai, kakansa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, iyayensa sun gudu da shi yana goye a rikicin 1966, suka dawo bayan an gama yaƙin basasa a 1970. Kananci yake yi tsantsa, har da karin magana, kuma idan ya je garinsu lokacin Kirsimeti 'yan uwansa Bahaushe suke ce masa. Bai iya kasuwanci ba ko kaɗan, ya gwada ya karye, malamin lissafi ne a wata makarantar kuɗi, matarsa ce take riƙe da shago, wanda ya ƙone a gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 suka sake tayar da shi da bashi. Ba ya wasa da kallon Kano Pillars, kuma babban amininsa wani tela ne a Fagge da suka tashi tare. Haɗarin da ke tattare da irin wannan tauraro shi ne ya zama allon tallan haɗin kan ƙasa, mai murmushi da yafiya a kowane shafi. Don haka na ba shi abin da na san yana nan a zukatan mutane da yawa: bai taɓa sayen fili a Kano ba. Duk abin da ya tara ya gina gida da shi a ƙauyen da bai san kowa ba, gidan yana kulle shekara da shekaru, shi kuma yana haya a ɗaki biyu, takardunsa masu muhimmanci suna cikin jaka guda a saman kwaba kullum. Amininsa tela ya san da jakar, bai taɓa tambayarsa ba, shi ma bai taɓa yin bayani ba, kuma a ganina wannan shirun ya fi duk wata huɗubar zaman tare da zan iya sa musu a baki faɗin gaskiya.

Masu buƙata ta musamman su ma an taƙaita su a bara ko a zama darasin haƙuri ga masu lafiya. Kano kuwa tana cike da waɗanda shan-inna ta kama tun kafin a tabbatar da kawar da ita daga Nijeriya a 2020, waɗanda suke ƙera kekunan guragu da ƙofofi, suke buga ƙwallonsu a kan allon taya, ga kuma kurame da suke da cikakkiyar maganar hannu da makarantarsu a Tudun Maliki. Tauraron da na zana mai walda ne, yana da yara shida a ƙarƙashinsa, yana da mata biyu, kuma mutum ne mai zafin rai da ba ya biyan yaransa a kan lokaci. Idan baƙo ya zo ya wuce shi ya nufi wani yaro mai ƙafafu yana tambayar ina maigidan, sai ya bar shi ya gama bayaninsa tsaf, sannan ya ƙara masa kuɗin aiki. Ba na so a tausaya masa. Ina so a yi ciniki da shi a ji jiki, yadda ake yi da kowane mai sana'a.

Uwar miji kuma na bar ta da son kanta, na sauya inda son kan ya dosa. Tana goyon bayan surukarta a kowace rigima, har tana korar ɗanta daga ɗakinta idan ya kawo ƙara, mutane suna yaba mata adalci. Gaskiyar ita ce ɗan nata na fari ne, tana yi masa alkunya, ba ta taɓa kiran sunansa ba balle ta nuna masa ƙauna a fili, kuma surukar ce kaɗai take kula da ciwon sukarinta, take tuna mata magani. Tsoronta kada a saki yarinyar a kawo wadda ba za ta yi ba. Ranar da aka zalunci ɗan nata da gaske, sai ta rasa bakin kare shi.

Game da siffar jaruma, shawarar da na yanke mai sauƙi ce. Amaryar nan baƙa ce, gajera, kuma labarin ba zai tsaya ya ba da haƙuri a kan haka ba, ba zai kuma ce duk da haka kyakkyawa ce ba. A garin da ake sayar da man bilicin a kowane lungu, littafin da yake maimaita wa 'yan mata cewa fara ce kaɗai ake so ba ruwan-dare ba ne kawai, yana da hannu a cinikin.

Labari dai ba ya tafiya sai da mugu, kuma a nan ne aka fi komawa gidan jiya. Idan an gaji da boka sai a ɗauko mai gemu da ɗangalallen wando a ce munafuki ne, wanda shi ma ya riga ya zama wani kuɗin goron. Mugun da na zaɓa talaka ne mai sanyin murya, yayan mijin uwargida, wanda kowa yake kira Baba, ba ya rasa sahun farko, ba ya ɗaga ido ya kalli mace, kuma shi ake kira rabon gado da sasanta ma'aurata saboda an yarda ba shi da kwaɗayi. Shekara da shekaru yana riƙe da takardun gidan marayun ƙanwarsa, kullum da dalilin da zai sa a ƙara haƙuri, kuma bai taɓa jin cewa shi azzalumi ba ne, a ransa yana kare dukiyar ne daga yaran da ba su san ciwon kansu ba. Talauci ba ya wanke mutum, kamar yadda dukiya ba ta ɓata shi, amma littattafanmu sun daɗe suna ba talaka shaidar kirki kyauta, wataƙila don yawancin masu karatu da marubuta daga can muka fito.

Abin da zai ɗaure waɗannan mutane wuri guda shi ne littafin mai baƙin bango. Jarin da gardi ya kama teburinsa da shi daga adashin uwargida ya fito ta hannun wata gwaggonsa, matar malamin lissafi tana saro mata zannuwan gado tana ba ta bashi, mai walda shi ya yi ƙofar ƙarfen da aka sa wa ɗakinta kuma har yanzu suna jayayya a kan cikon kuɗin, Baba kuwa shi kaɗai ne ya taɓa karɓar rance a hannunta ba ta rubuta ba, saboda nauyinsa da take ji. A cikin kwanakin wa'adin nan shi ne zai zo da shawarar a ba shi tsofaffin kuɗin ya kai wa wani da zai canza su a rage kashi ɗaya cikin biyar, amarya kuma ta dage a bi layin banki ko za a kwana a can. Uwargida za ta raba kuɗin biyu don kada ta ɓata wa kowa. A watan Maris na 2023 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara, wato asarar da aka yi a hannun Baba ta zama ta banza, kuma dole uwargida ta cike giɓin daga aljihunta kafin ranar kwasar wata mata da aka riga aka sa ranar bikin 'yarta bayan ƙaramar sallah.